Kafin Mosko, Sai da Ahmed Musa Ya Bi ta Kano

Ranar Talatar makon jiya, bayan azahar, ina tsaye ina yanka wata shadda a shagona da ke kusa da kasuwar Wunti a Bauchi, sai ga mahaifin ɗaya daga cikin yaran da nake koya wa ƙwallo ya yi sallama. Dattijo ne mai sayar da hatsi a kasuwar Muda Lawal, ba mai yawan magana ba. Shekara uku ke nan ɗansa yana zuwa filinmu, bai taɓa tako ƙafa wurina ba, don haka ina ganinsa na san ruwa ba ya tsami banza. Na ajiye almakashi, na kwashe yadudduka daga kan benci, na ce, "Alhaji, bismilla, ga wuri."

Bayan mun gaisa, an tambayi iyali da kasuwa, ya yi jim, sannan ya ce, "Malam, shawara ce ta kawo ni. Wani mutum ya zo har gida, ya ce shi ejan ne, wato dillalin 'yan wasa, ya ga yaron nan a gasar da kuka buga da hutu, zai fitar da shi waje gwaji. Ya ce in haɗa kuɗin fasfo da biza da na jirgi. Ina da fuloti a hanyar Dass, shi nake so in sayar."

Na ce, "Alhaji, shekarun yaron nawa?"

Ya ce, "Sha shida."

Na ce, "Wa yake cewa yana so ya zama?"

Nan ya ɗan yi murmushi. "Ai kai ma ka sani. Ba shi da zance sai na Ahmed Musa. Hotonsa ne manne a bangon ɗakinsu."

To, labarin Ahmed Musa na ba shi tun daga tushe, har la'asar ta kawo jiki, kuma shi nake so in rubuta a nan. Na lura yaranmu wutsiyar labarin suka kama. Sun san ƙwallayen da ya ci Ajantina, sun san ya je Ingila, sun san gidan mai da motoci. In ka tambaye su inda yake yana ɗan shekara sha shida, sai su tsaya suna kallonka.

Ahmed Musa ɗan gefe ne. Ni ma a gefe na buga, lamba bakwai, a ƙungiyar unguwarmu. Ina ɗan shekara 15 a 1999 lokacin da Najeriya ta karɓi gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, aka buga wasu wasannin a nan filin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yayana ya shigar da ni. Ranar na fara ganin ciyawa kore shar da layi fari tas, ni da na saba da filin da muke zana wa iyaka da toka. Na ga 'yan Japan suna ba da ƙwallo ƙasa-ƙasa cikin zafin Afrilu na Bauchi, su ne daga baya suka kai wasan ƙarshe Sifaniya ta doke su. Amma gwanina a lokacin Tijjani Babangida ne, ɗan Kaduna, gajere, in ya kama gudu sai ka ce kibiya aka saki. Shi ya gaji Finidi George a gefen dama na Ajax a 1996. Da ya ci Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a Legas a shekarar 2000, na kwana ban yi barcin kirki ba, washegari da asuba ina fili ina gudu a bakin layi ni kaɗai. A 2006 gwiwata ta goce a wani wasan unguwa. Aka kai ni wurin mai ɗori, ba a yi hoto ba, ƙafar ta warke amma gudun bai dawo ba. Abin da ya rufa mini asiri shi ne mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya tilasta mini zaman shagon tela tun ina firamare. Yanzu da safe ina kan keken ɗinki, da yamma ina filin wata makarantar firamare tare da yara ashirin da wani abu.

Na faɗi wannan ne don a san cewa in na kalli ɗan gefe, ba inda sauran 'yan kallo suke dubawa nake dubawa ba.

Na fara ganin Ahmed Musa da idona a 2010. Na je Kano sarin yadi a Kantin Kwari, kuma wanda nake sayen kaya a wurinsa ɗan a-mutun Kano Pillars ne. Ya ce ba zan hau motar Bauchi ba sai na ga wani yaro da suka aro daga Jos. Muka tafi filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, fili ya cika maƙil, ko'ina "Sai Masu Gida" ake yi. Ya nuna mini shi: siriri ne, rigar ma ta yi masa yawa a kafaɗa. Kowa a wurin gudunsa yake yabawa, kuma gudun akwai shi. Ni abin da ya kama mini ido daban ne. Yaron yana tashi ne tun ƙwallo ba ta bar ƙafar mai ba shi ba. Ɗan bayan da ke tsaronsa yana kallon ƙwallo, shi kuwa yana kallon filin da ke bayan ɗan bayan. Kafin mutumin ya juya ƙugunsa, an ba shi taku uku. Wannan ba a haifar mutum da shi. Sai wanda ya buga wasa da yawa da manyan da suka fi shi ƙashi, ya sha duka a ƙwauri, har ya gane cewa maganin ƙato shi ne kada ka tsaya inda zai same ka.

An haife shi a Jos ranar 14 ga Oktoba, 1992. Jos ɗin nan dai da ke maƙwabtaka da mu, wadda in ka hau mota da safe za ka je ka dawo kafin magariba. A makarantar ƙwallo ta GBS ya taso, wadda Moses Simon ma ya fito daga cikinta. Daga nan aka ba da shi aro ga JUTH, ƙungiyar asibitin koyarwa na Jos, ya buga gasar ƙasa yana yaro ƙarami. Sai aron Pillars a kakar 2009 zuwa 2010, inda ya ci ƙwallo 18, Pillars ta ƙare ta biyu. Kafin shi ba wanda ya taɓa cin haka a kaka ɗaya. Tarihin da ya karya na Ishaya Jatau ne, ƙwallo 17, wanda ya tsaya tun 1990, shekara ashirin ba a taɓa shi ba. Ɗan shekara 17 ne ya zo ya ture shi, a filayen da duk muka sani, masu tauri kamar daɓe, bayan tafiyar kwana a bas. A watan Satumba na 2010 ya fara buga wa Super Eagles, aka sako shi a madadin Mikel Obi a wasa da Madagaska.

A nan na dakata na ce wa Alhaji ya saurara da kyau, domin wannan gaɓar ce ta shafi fulotinsa. Ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta ɗauki Ahmed Musa da daminar 2010, amma bai samu damar buga mata wasa ba sai da ya cika shekara 18 a watan Oktoba. Dokar FIFA ce: ba a sauya wa yaron da bai kai 18 ba ƙungiya daga wata ƙasa zuwa wata, sai bisa wasu 'yan dalilai ƙalilan, kamar a ce iyayensa ne suka yi ƙaura don wani abin da bai shafi ƙwallo ba. Wanda ya fi kowa cin ƙwallo a Najeriya, wanda ya riga ya sa rigar ƙasa, sai da ya zauna ya jira ranar haihuwarsa. To ta ina ejan zai bi da ɗan shekara sha shida wanda ko benci bai taɓa zama ba a gasar ƙasa? Na kuma ce masa, a duk matakin da Ahmed Musa ya taka a Turai, ƙungiya ce ta fitar da kuɗi, ba shi ba. Wanda yake son kayanka shi ke biya. Alhaji ɗan kasuwa ne, wannan bai bukaci dogon bayani ba.

Venlo ƙaramin gari ne a bakin iyakar Jamus, ƙungiyar ma ƙarama ce mai fafutukar kada ta faɗa rukuni na ƙasa. Babangida ma can aka kai shi aro a farkon zuwansa Turai. Yaranmu ba sa son jin irin waɗannan sunaye, su dai Madrid ko Manchester. Amma a ƙaramar ƙungiya ne ake ba ka minti casa'in duk mako, ka yi kuskure a gyara maka. A Janairun 2012 CSKA ta Mosko ta saye shi, ɗan Jos da Kano ya koma buga ƙwallo a cikin ƙanƙara. Shekara huɗu da rabi ya yi a can ƙarƙashin koci Leonid Slutsky, ya ɗauki kofin gasar Rasha sau uku, a 2013 da 2014 da 2016, ya buga gasar zakarun Turai. Sau da yawa ma ba a gefe ake sa shi ba, a tsakiyar gaba ake ajiye shi ya riƙa faɗawa bayan 'yan baya. A tsakanin nan ya ɗauki kofin Afirka na 2013 tare da marigayi koci Stephen Keshi, Ahmed Musa ne ya ci ta huɗu a wasan da muka lallasa Mali 4 da 1. Sai bayan duk wannan Ingila ta kira shi, yana da shekara 23.

Aikin ɗan gefe yana kama mini da kalmasa a ɗinki. A bakin yadi ake yin ta, ba wanda ke yaba ta in ta yi kyau, amma in ta warware duk rigar ta lalace. Abu na farko da nake koya wa yaro shi ne haƙurin tsayawa a kan layi. Ina ce musu ina so in ga toka a takalminku. Yaro yana ganin an yi minti biyar ƙwallo ba ta zo masa ba, sai ya shigo tsakiya nemanta, ya cushe wa 'yan uwansa wuri, ya kuma sauƙaƙa wa mai tsaronsa aiki. Alhali tsayuwarsa a can gefe, ko bai taɓa ƙwallo ba, tana jan ɗan baya ɗaya waje, tana buɗe ƙofa a tsakiya. Na biyu, ka duba kafin ta iso ka, ba bayan ta iso ba. Na uku, wanda duk sun ƙi jini, komawa baya. In an ƙwace ƙwallo, lamba bakwai ne zai juyo da gudu ya taimaki lamba biyu, ɗan bayan gefensa. Gudun zuwa gaba kowa na so, don ana tafi. Gudun dawowa ba mai tafa maka, kuma shi koci yake dubawa.

Wasan Ajantina na kofin duniya na 2014 ba a gidan kallo na gan shi ba. Mako guda kafin nan bam ya tashi a wani gidan kallo a Damaturu ana kallon wasan Brazil, mutane suka rasu, don haka da yawanmu muka ƙaurace wa taro. A falon wani maƙwabcina muka cushe, an tayar da janareta, ranar Laraba 25 ga Yuni, saura kwanaki kaɗan a ɗauki azumi. Minti uku da farawa Messi ya ci. Ba mu gama salati ba, a minti na huɗu, Ahmed Musa ya karɓi ƙwallo a gefen hagu, ya yanko ciki a gaban Zabaleta, ya lanƙwasa ta da ƙafar dama can kusurwar nesa. Wani dattijo da ke zaune kusa da ni, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya miƙe tsaye yana kabbara. Messi ya ƙara da bugun tazara dab da hutun rabin lokaci. Ana dawowa, minti na 47, Ahmed Musa ya yi ba-ni-in-ba-ka da Emenike ya ratsa tsakiya ya sake farkewa. Rojo ya ci musu ta uku, aka tashi 3 da 2, amma mun wuce zagaye na gaba. Shi ne ɗan Najeriya na farko da ya ci biyu a wasa ɗaya na kofin duniya. A shekarar da Arewa ke cikin zulumi, ko ina aka ambaci sunanmu sai da labarin mutuwa, yaron da ya taso a Jos ya yi suna a Kano ya tsaya gaba da gaba da Messi. Ban san yadda zan bayyana wa wanda bai zauna a nan a lokacin ba abin da hakan ya yi mana a zuci.

Amma wasan da nake nuna wa yarana a waya shi ne na Iceland, 22 ga Yuni, 2018, a Volgograd. Ranar Juma'a ce, mako guda bayan ƙaramar salla, na samu kaina daga ɗinkin salla ke nan. A wasan farko da Kuroshiya ta ci mu 2 da nema, daga benci ya taso. A wannan koci Gernot Rohr ya fara da shi a gaba tare da Iheanacho. Rabin farko ko sau ɗaya ba mu buga ƙwallo ta nufi raga ba. A minti na 49 Victor Moses ya shararo ta dama ya kwaso kuros, Ahmed Musa ya miƙa ƙafa ya sauke ta, tana tashi daga ƙasa ya ɗaɗa ta cikin raga. Kowa wannan yake so, kuma ta cancanta. Ni ta biyun nake tsayarwa in maimaita. Minti na 75, Omeruo ya ɗaga doguwar ƙwallo ta gefen hagu. Ina tsayar da hoton tun kafin ta sauka in ce wa yara, ku duba inda yake, ku duba inda ɗan bayan yake, ku duba wa ya riga tashi. Ya wuce mutumin ta waje, ya shigo da'ira, gola ya fito, ya kewaye shi. A nan ne yawancin masu gudu suke ɓata aikinsu, don jini ya hau, sai su buga da ƙarfi ta tafi sama. Shi ya tsaya. Ya ɗaga kai, ya ga 'yan baya biyu sun koma kan layi, ya zaɓi inda ba kowa ya jefa ta. Bayan gudun kusan rabin fili, ya samu natsuwar daƙiƙa guda. Natsuwar nan ita ce Kano da Venlo da Mosko, wasa ɗari-ɗari da ya buga kafin ranar. Ƙwallo huɗu ke nan a kofin duniya, ba ɗan Najeriyar da ya kai haka.

Akwai maganar Leicester ta Ingila, wadda duk lokacin da aka yi musu a teburin mai shayi sai an jefo mini ita. Gaskiya ne, bai yi nasara a can ba, kuma ban ga amfanin ɓoyewa ba. Sun saye shi a Yulin 2016 kan fam miliyan 16 da ɗoriya, suna riƙe da kofin Firimiya. Ya ci Barcelona biyu a wasan share fage, muka ce shi ke nan. Da aka shiga gasa, ƙwallo biyu kacal ya ci a Firimiya, sai biyun da ya ci Everton a kofin FA a Janairun 2017. Aka kori kocinsu Ranieri a Fabrairu, wanda ya gaje shi ya ajiye shi a benci, har a Janairun 2018 aka mayar da shi CSKA aro. A ganina abu biyu ne suka haɗu. Leicester ta ci kofi ne da kai harin ba-zata, ana ɗaga wa Vardy ƙwallo yana bi. Bayan sun zama zakaru kowa ya gane su, ƙungiyoyi suka daina barin fili a bayansu. Ga Vardy a wurin da Ahmed Musa ya fi so, ga Mahrez a dama, ga Albrighton mai kuros da komawa baya a hagu. Na biyun kuma nasa ne: ɗan wasa ne na sarari. In aka matse wuri, 'yan baya suka zauna a bakin da'ira, ba shi da irin yankan Okocha ko na Mahrez da zai fitar da shi daga tsakanin mutum uku, kuma kuros ɗinsa ba kullum yake isa inda aka aika shi ba. Ina ƙaunarsa, amma haka abin yake. Abin da nake so masu musun su riƙa haɗawa da shi shi ne, mutumin da aka ce ya ƙare a benci a Ingila, wata biyar bayan ya koma inda ake ba shi wasa, shi ne ya ci Iceland biyu. Da ya zauna yana karɓar albashin Firimiya yana ɗumama benci, da ba mu ga ranar nan ba.

Sauran tafiyar sananniya ce: Al-Nassr ta Saudiyya a 2018, ya ɗauki kofin gasarsu a 2019, suka rabu a ƙarshen 2020, daga baya Turkiyya, Fatih Karagumruk da Sivasspor. Ya haura wasa 100 a Super Eagles, ya wuce Yobo da Enyeama. Abin da ya fi taɓa ni shi ne watan Afrilun 2021, lokacin da ba shi da ƙungiya, yana kyaftin ɗin ƙasa, ya dawo ya sa rigar Pillars. Na ji masu cewa abin kunya ne, wai ya faɗo. Ni ban gan shi haka ba ko kaɗan. Gudu aro ne Allah yake ba ɗan gefe, kuma ana karɓarsa da wuri, na san wannan a gwiwata. Mutum ya san ƙafarsa ba ta kai ta da ba, ya san duk ɗan bayan da ya haɗu da shi zai so ya yi suna a kansa, amma ya dawo ƙungiyar da ya yi suna a cikinta, a gaban mutanen da suka san shi tun rigar tana yi masa yawa. A Oktoban 2024 ya sake dawowa, wasansa na farko ya ci Sunshine Stars biyu. Da tsohuwar zuma ake magani. A 2025 kuma aka naɗa shi babban manajan ƙungiyar. Wurin wasannin da ya gina a Kano yana nan, yara na shiga.

Ban yi wa Alhaji ƙarya game da gasarmu ta gida ba. Na gaya masa akwai inda ake riƙe wa 'yan wasa albashi wata da watanni. Na gaya masa yaro zai zauna a bas daga Bauchi zuwa Aba ko Uyo, ya sauka ƙafa a kumbure ya buga wasa washegari. Na gaya masa akwai filayen da baƙo ba ya cin wasa sai da ƙyar, kuma akwai ranar da 'yan kallo ke wuce gona da iri. Duk da haka a nan ake ganin mutum. Wikki Tourists ɗinmu ta Bauchi ta ɗauki kofin ƙalubale a 1998. A 2016, ƙarƙashin Abdu Maikaba, ta ƙare ta uku a gasar ƙasa, ta samu gurbin wasan Afirka, kuma Godwin Obaje ya fi kowa cin ƙwallo a kakar da guda 18, daidai adadin Ahmed Musa. A filin Tafawa Ɓalewa aka yi wannan, muna zaune muna gani, tafiyar ɗan acaɓa daga rumfar Alhaji. Yaron da bai iya ƙwace riga a nan ba, me zai nuna wa Bature a gwajin mako biyu cikin sanyi?

Sai ya tambaye ni abin da na san zai tambaya. "Malam, tsakaninka da Allah, yaron ya iya?"

Na ce, "Alhaji, a shekara goma sha da na yi ina koyarwa ban taɓa samun mai gudunsa ba. Amma ƙafa ɗaya gare shi, hagun ta hawa mota ce kawai. In ya kama gudu kansa a ƙasa yake, ba ya ganin kowa. In aka ƙwace ƙwallo sai ya riƙe ƙugu. Duk waɗannan suna gyaruwa, amma ba a wata shida ba. Ka bar mini shi ya gama sakandare, in kai shi inda zai buga da manya a nan jihar, mu ga yadda zai yi in an taka shi. Kuma ka bar shi ya riƙa zama a rumfa da safe, ya san mudu da tiya. Ni da ba don keken nan ba, da ban san inda nake yau ba."

Na roƙe shi abu guda: kafin ya taɓa fulotin, ya ce wa ejan ɗin ya kawo takardar gayyata daga ƙungiyar, mai sunanta da sunan yaron, da shaidar lasisinsa na ejan, mu kai wa wanda ya san harkar ya duba. Ya ce zai yi. Da muka haɗu a masallacin Juma'a ya ce mutumin ya ce takarda ba ta fitowa sai an fara biyan rabin kuɗi. Alhaji bai ce ya fasa ba, bai kuma ce zai biya ba. Ya ce mahaifiyar yaron tana ganin kada a toshe masa arziki, kuma ban ga laifinta ba, uwa ce, ta ga 'ya'yan wasu sun fita.

Yaron ya ji cewa ni na kawo cikas. Kwana biyu bai zo fili ba. Ran na uku ya zo a makare, ya gaishe ni ciki-ciki ba tare da ya kalle ni ba, ya zauna yana ɗaure igiyar takalmi. Ban ce masa komai a kan maganar ba. Na ɗauke shi daga dama na mayar da shi gefen hagu, na ajiye masa ƙwallaye, na sa dogon yaron nan mai buga mana lamba tara ya tsaya a bakin raga, na ce kuros ashirin nake so, duk da ƙafar hagu, kuma kafin kowanne sai ya ɗaga kai ya faɗa mini yatsu nawa na ɗaga. Cikin ashirin, uku suka isa kan lamba tara. Ɗaya ta haura katangar makaranta, sai da aka aika ƙaramin cikinsu ya ɗauko. Da aka kira magariba yana tattara ƙwallaye cikin buhu, ya ce, "Koci, gobe ma hagun ce?" Na ce masa gobe talatin ne, ya zo da wuri.